Cajar Mota Ta Tafi-Da-Gidanka: Abin Lura Kafin Saye Da Bayan Saye

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya ji a jikinsa. Shi ya sa motoci masu aiki da batir suka fara shigowa Legas, wasu daga Sin, wasu tokumbo daga Amurka da Turai. Wuraren caji kuwa ba su da yawa, don haka mai irin wannan mota yakan dogara da 'yar caja ta tafi-da-gidanka: doguwar waya mai akwati a tsakiya, kai ɗaya a soket ɗin bango, ɗaya a jikin mota. A kanta za mu yi magana yau.

Da farko, bakin cajar ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai suna da wanda ake kira Type 2, da yawa daga cikin na Amurka da Japan Type 1, waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin kuma GB/T. Kafin ka nufi Alaba ko Ladipo, buɗe murfin wurin cajin motarka ka ɗauki hotonsa. In da hali ma, je da motar a gwada a gabanka, an ce gani ya kori ji.

Na biyu, karanta rubutun da ke bayan akwatin. Wutarmu bolt 230 ce, ta soket ɗin gidajen Amurka kuwa 120. Wasu cajojin da ke zuwa cikin but ɗin tokumbo na 120 ne kawai, in ka canja musu fulogi ka jona, sai su ƙone. Nemi wadda ake iya rage mata ƙarfi, mai katse wuta da kanta in an sami matsala, kuma a ba ka rasit da garanti. Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Haɗarin ba a cikin cajar ya fi yawa ba, a bangon gida yake. Soket ɗinmu mai baki uku amfiya 13 aka rubuta masa. Dutsen guga yana jan wuta na ɗan lokaci ya huta, amma mota tana ja ne ba tsayawa. A lissafa: amfiya 10 sau 230, wat 2,300 ke nan. Batir mai cin yunit 40, irin na wasu Nissan Leaf, zai ɗauki sama da awa 17 kafin ya cika daga ƙasa. Tsohon soket mai sako-sako da siririyar waya ba za su jure wannan ba. Zafi ne zai taru, roba ta narke, yawanci kuma cikin dare, kowa na barci.

Saboda haka a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta ita kaɗai daga allon wutar gida, da waya mai kauri da abin katse wuta nata. Ya tabbatar da wayar ƙasa tana aiki. Gidajen haya da yawa ba su da ita, caja mai kyau kuma takan ƙi aiki in babu. In ta ƙi, ba lalacewa ta yi ba, gargaɗi take maka. Kada wani ya ce zai yi maka dabara. Kada a jona da ekstenshan, kada a bar waya a naɗe tana aiki, kada akwatin ya kwanta a ƙasa, kun dai san ruwan Legas da damina. Bayan awa ɗaya da jonawa, taɓa fulogin. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ka ji ƙauri, kashe nan take. Ƙaramin janaretan shago kuwa, kar ma a gwada, wannan kaya ya fi ƙarfinsa.

Sai haƙƙin maƙwabci. Da yawanmu mita ɗaya muke tarayya da mutanen gida. Wanda zai zuƙe yunit 40 bai kamata a raba kuɗin wuta daidai da mai ƙwan fitila biyu da fanka ba. A sanar da mai gida tun farko, a yi ƙoƙarin sa mita ta daban.

'Yan uwa, zaman baƙunta muke yi. Gidajenmu da shagunanmu a manne suke da juna. In gobara ta tashi daga gidan ɗayanmu, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya ba mu kasuwa mai albarka.