Ƙafa Ɗaya Ma Tana Taka Keken Ɗinki

Wannan jawabi ne da wata 'yar'uwarmu daga Turawa ta yi a taron zumunta na ikkilisiyoyin ƙasar Karaye da Rogo. Mun buga shi da izininta.

  Ku gafarce ni, a zaune zan yi magana. Ba raini ba ne, ƙafar roba ce ba ta son doguwar tsayuwa.

Da Baba Fasto ya ce in yi magana a kan yadda na koma bakin aiki, sai da na yi kwanaki ina jan ƙafa, wato ɗayar da ta rage mini. Ba ni da ilimi mai zurfi. Amma na ga kusan kowace ikkilisiya a cikinmu tana da irina, gurgu ko makaho ko wadda ciwo ya kwantar, ga yara a gaba, ga babu abokin rufin asiri. Domin su na yarda.

Ni tela ce. Tun ina budurwa na koyi ɗinki, keken Butterfly na ƙafa yana cikin kayan da aka kai ni ɗaki da su. Maigidana manomi ne, masara da dawa da waken soya da damina, da rani kuma ya gangara wajen Dam ɗin Challawa ya yi tumatir da albasa. Ba mu da arziki, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. A watan Oktoba na 2021 muna dawowa daga kasuwar Rogo a kan babur, wata motar kaya ta kwashe mu. Shi bai kai asibiti da rai ba. Ni kuwa ƙafata ta dama ta karye, ƙashi ya huda fata ya fito. Saboda tsoron kuɗin asibiti aka kai ni wurin mai ɗori. Mako uku ina can, har ɗakin ya soma wari. Da aka kai ni Kano, likita ya ce in ana son raina sai a yanke daga ƙasan gwiwa. Bari in tsaya a nan in roƙe ku: in ƙashi ya huda fata, kada a tsaya shawara, a nufi asibiti ran nan. Kuɗin da muka guje wa sai da muka biya ninkinsa, muka ɗora da ƙafa.

Aka sayar da masarar shekarar, aka sayar da awaki biyu, aka jinginar da gona. Na ƙarshe da ya fita daga ɗakina shi ne keken ɗinkin. Na dawo gida da sanda biyu da yara uku, babbar mace mai shekara 12, ƙaramin bai cika huɗu ba.

Ba zan zama butulu ba. Ikkilisiyarmu ta yi mini abin da dangi ba su yi ba. Mata sun yi ta kawo tuwo, matasa sun yi mini itace, dattawa sun ware mini hatsi daga baikon kaka. Amma mu kaɗan ne, kuma dukanmu talakawa ne. Kun tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a hannu. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 29 ga Mayu na shekarar aka ce an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota, kuɗin niƙa, taki, komai ya bi. Mai kawo mini kwano guda ya koma rabin kwano, kuma sai in ga yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi. Wasu suka daina biyowa ta ƙofar gidana don kunya. Ban ga laifinsu ba.

A cikin wannan hali wani ɗan'uwan maigidana ya zo da magana. Ya ce akwai wani gida a Kano da ke neman yarinya mai aikatau, za a riƙa aiko mini da kuɗinta duk wata. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, kuma gaskiya rabin kwanakin mako ba ta zuwa, domin ita ce ta zama ƙafata: ɗiban ruwa, kai niƙa, wanki, rainon ƙaninta. Iyayena, na amsa masa. Har na ɗauki allura na gyara mata jakar da za ta tafi da ita. Kun san yaranmu nawa suka tafi irin wannan tafiya, kun kuma san yadda wasunsu suka dawo.

Daren nan ban yi barci ba. Abin da ya yi ta zo mini shi ne labarin gwauruwar nan ta cikin 2 Sarakuna sura 4, wadda mai binta bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Tun muna makarantar Lahadi muke jinsa, kullum hankalinmu yana kan mai da ya yi ta zuba. A daren nan kuwa wasu abubuwa na lura da su. Annabi Elisha bai tara mata gudummawa ba, tambayarta ya yi abin da take da shi a ɗaka. Maƙwabta ne suka ara mata tuluna. Sa'an nan ita da kanta ta sayar da man ta biya bashin. Na ce to, ni abin da nake da shi a ɗaka hannu biyu ne da ƙafa ɗaya da sana'ar da ba a yanke mini ita ba. Tulun ne babu.

Da gari ya waye na aika aka gaya wa ɗan'uwan nan na fasa, ransa kuwa ya ɓaci. Na dogara sanduna har gidan Mama shugabar Zumuntar Mata, na ce, Mama, yau ba hatsi na zo roƙo ba, aron keke nake nema. Ashe akwai wata tsohuwa a cikinmu da idonta ya yi rauni, kekenta Singer yana lulluɓe da zane shekara da shekaru. Matasa biyu suka ɗauko shi a amalanke.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Duk telan da ke nan ya san ƙafa biyu ke ba keke daidaito, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Da ƙafar hagu kaɗai sai keken ya riƙa juyawa baya, zare ya tsinke, ya cukurkuɗe a ƙasa. Allura nawa na karya, ban ƙirga ba. Na yi mako biyu ina ɗinka tsummoki kamar sabuwar 'yar koyo, ni da na shekara goma sha biyar ina yanka atamfa. In na zauna awa uku sai bayana ya riƙe, dungun ya kumbura, wani lokaci har in ji yatsun da babu su suna yi mini zafi. Na koyi in fara da sassafe, in ɗora dungun a kan kujera 'yar tsugune, in tashi kafin jiki ya tashe ni.

Amma abin da ya fi ƙafar wuya shi ne mutane, kuma a nan nake so dattawa su saurare ni da haƙuri. Matan da suke kawo mini sadaka, su ne suke wucewa da atamfarsu zuwa wurin tela a Karaye. In na tambaya sai a ce, ai ba ma so mu wahalar da ke. Wata ta kawo ɗinki ta biya ni ninki biyu don tausayi, ba ta sake dawowa ba, don ba za ta iya yin haka kullum ba. Wata kuma ta taya rabin kuɗi, a ganinta alfarma ta yi mini da ta kawo. Da na nemi shiga adashi aka yi shiru, daga baya na ji an ce, in ta kwasa ta kasa zubi fa? Wani dattijo, Allah ya sāka masa, shi ya tsaya mini ya ce in na kasa a bi shi. Har yau ba a bi shi ko sisi ba. Tausayi yana da kyau, amma akwai irin wanda yake zaunar da mutum a tabarma ya hana shi tashi. Ni abin da nake so a kawo mini aiki, a biya ni abin da ake biyan kowane tela, in na ɓata a yi mini faɗa kamar kowa.

Ƙofa ta buɗe ne da Kirsimeti na 2023, da Zumuntar Mata suka ba ni ɗinkin ankonsu. Da kuɗin na biya na makaranta na sayi zare da allurai. Sa'an nan maƙwabtanmu Musulmi, da suka ga rigunan, suka soma kawo na ƙaramar Salla da babba. In faɗa muku gaskiya, yawancin masu kawo mini ɗinki yanzu su ne. Ikkilisiya mai gida ashirin ba za ta iya riƙe tela ita kaɗai ba, sai da zaman lafiya da maƙwabta. A 2024 na kwashi adashi na sayi keke na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi, na mai da wa tsohuwa nata. A shekarar ce kuma aka auna mini ƙafar roba a Asibitin Ƙashi na Dala. A wannan zuwa Kano ne na ji labarin ƙungiyar waɗanda shan inna ta nakasa, wadda Malam Aminu Ahmed Tudun Wada ya jagoranta, suna walda suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Mutanen da ake zaton bara ce makomarsu, ga su da masu koyon aiki a ƙarƙashinsu.

Wani malamin makaranta a cikinmu ya karanta mini dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki domin nakasassu. Wanda ya nuna bambanci za a ci shi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Ni dai dokar ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba, amma matasanmu masu nakasa da suke da takardar makaranta su san da ita, su riƙa ambatonta in sun je neman aiki. Dokar ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da gurgu zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu duba majami'unmu. Tamu tana da matakala uku. Masai kuwa na tsuguno ne, babu abin kamawa. Kusan shekara biyu, tun daren Asabar nake daina shan ruwa don kada in buƙaci zagayawa a lokacin sujada. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Buhun siminti biyu da yashi da aikin gayya na matasa sun isa gangara a bakin ƙofa, ƙarfe guda a bango da kujera mai rami sun isa masai. Tsofaffinmu ma za su gode.

Ku kuma 'yan'uwana da kuke cikin irin halina, maza da mata, kada ku ce wa ikkilisiya a taimake ni kawai. Ku faɗi sunan abin: keke ne, injin markaɗe ne, jarin ƙuli-ƙuli ne, ko wadda za ta riƙe muku yaro ranar kasuwa. Mutane sun fi iya ba da abin da aka ambata. In jari ya zo, ku raba gwangwaninsa da na cefane, domin ni sau biyu na cinye nawa ban sani ba. Ban kuma raina wanda ya tafi bara birni ba, na san daren da ke kai mutum can.

Ban fita ba tukuna. Gonar maigidana tana hannun wanda aka jinginar wa, rabin kuɗin na tara. Akwai watan da ciwo yake hana ni taka keke mako guda, a ci abin da ya samu. Amma 'yata ba ta je Kano ba, ga ta can a layin mawaƙa tana ɓoye fuska.

Akwai mata biyu, ɗaya daga wajen Rogo mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da hannu guda mai rauni, ɗaya kuma kurma ce a ƙauyenmu, duka sun ce suna son koyon ɗinki, ni kuma na yarda in koya musu ba tare da kuɗi ba. Keke ɗaya gare ni. Duk wadda take da keke a ɗaka yana tsatsa, ko da ya lalace ne, ta ga Mama shugaba bayan an tashi, akwai mai gyara a Karaye.