Gida a kulle, ango na neman ɗaki

 Daga Kimba nike magana, kuma yau batun gidajen da anka gina anka kulle za mu taɓa.

Ku bi hanya daga Jega zuwa Aliero ko Maiyama, ku ƙirga gidajen da ke da katanga da get da fenti, amma kwaɗo ya yi tsatsa, ciyawa ta kai gwiwa. A garin nan dai kuma akwai saurayin da anka sa ma ranar aure, ya rasa ciki da falo na haya.

Ni a ganina, gidajen nan kashi uku ne. Na farko, na ɗan gari da ke aiki Abuja ko Legas, ya gina don a san yana da gida, sai Sallah yake buɗe shi kwana uku. Na biyu, gidan gado: mahaifi ya rasu, magada sun kasa zama a raba, kowa na tsoron a cuce shi, sai damina ta raba masu. Na uku, wanda ya mai da gida asusu. Naira na faɗuwa, shi kuwa bulo da fili ba su faɗuwa, don haka bai damu da ɗan haya ba.

Wanga na uku shi ya cika Abuja. A Disambar 2024 kotu ta mallaka ma gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma, bayan ƙarar da EFCC ta shigar. Gidaje 753 wuri ɗaya, ba mai kwana ciki, alhali ma'aikata na kwana Mararaba da Suleja suna sammakon shiga gari.

To, a nan muhawarar take. Wasu sun ce a sa haraji kan duk gidan da anka bari ba kowa, kamar yadda birnin Bankuba na Kanada ya fara a 2017. Masu gidaje kuma sun ce a'a, kuɗina ne. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo: ka ba ɗan haya, ya lalata rufi da famfo, ya ƙi biya, fitar da shi sai an je kotu.

Ni dai ban ga harajin nan zai yi aiki wurinmu ba. Wa zai ƙirga gidajen, alhali da yawa ko takardar fili babu? Kuma ko an buɗe su duka, matsalar ba ta ƙare ba. Tun da anka kafa jami'ar Aliero a 2006, abin da ɗalibi ke nema ɗaki guda ne kusa da makaranta, mai ruwa da bayi. Katafaren gida a Kimba bai yi mai komi ba. Haka wanda ambaliyar 2020 ta rushe ma gida, ba gidan bene yake bukata ba.

Abin da ke hannunmu shi ne wanga. Magada, ku kira malami ko ku je gaban alƙali a raba gado tun gini na tsaye. Haƙƙin marayu da mata ne ke ruɓewa a ciki. Masu gida a birni, ku ba ɗan'uwa ko malamin makaranta ya zauna, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu. Gidan da ake shara ya fi daɗewa, kuma kango maɓoyar ɓata-gari ne. Mai shirin gini kuwa, ya yi ƙananan ɗakuna, su ake nema.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku faɗa muna, gida nawa ne a kulle a unguwarku, kuma don mi? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah shi ba mu alheri.