Matafiyi da Sauro: Guzurin da Ake Mantawa da Shi



Bahaushe matafiyi ne tun kaka da kakanni. Fataken goro sun kai Gwanja, alhazan ƙasa sun ratsa Sudan, yau kuma jikokinsu na sauka Kwatano da Akara da Duwala, wasu Indiya neman magani, wasu Malesiya karatu, wasu Ingila da Amurka aiki. Kowa kan tanadi fasfo da biza da kuɗin guzuri. Kaɗan ne ke tanadin kariya daga sauro, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: mun tashi tare da zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, har mun daina ganin girmansa. Wannan raini shi nake so mu duba yau, domin yana cin rayuka.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 an samu kamuwa da wannan zazzaɓi kimanin sau miliyan 263, kuma mutum kusan 597,000 suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan asara a Afirka ta faru. Nijeriya ce ke kan gaba, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan mace-mace.

Tun 1880 likitan Faransa Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majinyaci a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Macen sauron anofilis ce ke ɗauke da ita, kuma cizonta daga magariba ne zuwa asuba. Ƙwayar takan fara sauka a hanta, ta hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba, sannan ta afka wa jini. Shi ya sa zazzaɓin ba ya bayyana kafin kwana bakwai, yawanci ma sai bayan kwana goma zuwa sha biyar. Matafiyi kan dawo gida lafiya lau, cutar kuwa tana tafe da shi.

Ga wurin da nake so a saurara da kyau. Wanda yake zaune a inda sauro ke cizonsa kowace damina yakan samu wata 'yar garkuwa a jiki, wadda ba ta hana kamuwa amma tana rage tsanani. Garkuwar nan ba ta dawwama. Idan mutum ya bar gida ya zauna inda babu cutar, takan yi rauni har ta gushe. Ɗan'uwanmu da ya shekara biyar a Landan ko Dubai, ranar da ya zo ganin gida jikinsa ya zama na baƙo, ko da zuciyarsa ta ɗan gari ce. 'Ya'yan da ya haifa a can kuwa ba su da komai na wannan garkuwa. Sai ka ji ya ce, "Ni da na girma a Fagge, sauro zai yi min me?" Alƙaluman hukumomin lafiya na Birtaniya sun amsa masa: sama da mutum 2,000 aka samu da cutar a can a 2023, dukkansu daga waje suka kwaso ta, kuma mafi yawansu masu ziyarar dangi ne a Afirka, musamman ta Yamma. Nau'in ƙwayar cutar da ke yankinmu, falsifarum, shi ne mafi muni. Yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya lalata ƙoda, ya kashe mutum cikin 'yan kwanaki idan aka yi jinkiri.

To mene ne abin yi? Na farko, a san ƙasar da za a je. Ba ko'ina cutar take ba. An tabbatar da Aljeriya ta rabu da ita a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Amma a Indiya da Fakistan da Habasha akwai nau'in bibaks, wanda ke iya lafewa a hanta ya tashi bayan watanni. Akwai kuma wani sauron daban, edis, mai ɗigon fari a ƙafa, wanda shi da rana yake cizo. Shi ke yaɗa dengi da shawara da cikungunya. Ɗalibinmu a Malesiya da alhajinmu a Jidda su sani dengi na nan a wuraren, kuma gidan sauro na dare kaɗai ba zai tsare su ba.

Na biyu, a hana cizon tun farko. Man shafawa mai sinadarin DEET, daga kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, shi ne abin dogaro, a shafa a fatar da tufafi bai rufe ba, a sake shafawa bayan alwala ko gumi mai yawa. Da yamma a sa riga mai dogon hannu da wando da safa, domin sauron anofilis yana son ƙafa da idon sawu. A kwana cikin gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a duba ko ya yage. Wanda bai san irin masaukin da zai tarar ba ya ɗauki nasa a jaka, nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗaki mai raga a taga ko mai na'urar sanyaya ɗaki ya fi aminci. Fiya-fiya da ake haɗawa a kasuwa kuwa guba ce ga mutum, a guje ta.

Na uku, ƙwayoyin rigakafi ga wanda ya taso daga ƙasar da babu cutar. A ga likita makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a sha kullum, a ci gaba har kwana bakwai bayan dawowa. Doksisaikilin shi ma kullum ne, amma sai an cika mako huɗu bayan dawowa, kuma ba a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro. Mefulokwin sau ɗaya ne a mako, ba a ba mai farfaɗiya ko mai larurar ƙwaƙwalwa. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ya daina tasiri a kan falsifarum a Afirka. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye maganin da zarar an sauka daga jirgi, alhali lokacin ne ƙwayar ke shirin fitowa daga hanta. Allurar rigakafin maleriya da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024 ta yaran da ke zaune a yankin cutar ce, ba ta matafiya ba. Allurar shawara kuwa a yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya, sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai sayen katin shaidarta ba tare da an yi masa allurar ba, kansa ya cuta.

Na huɗu, duk zazzaɓin da ya zo a lokacin tafiya ko cikin shekara guda bayan dawowa, a ɗauke shi maleriya ne har sai gwajin jini ya nuna akasin haka. A je asibiti a ranar, kada a tsaya wurin mai kemis, kada a ce gajiyar hanya ce. Likitan Turai ba kullum yake ganin wannan cuta ba, yana iya zaton mura ce. Ka buɗe baki ka gaya masa ƙasar da ka fito da ranar da ka dawo. Mai juna biyu da jariri da tsoho su ne suka fi shiga haɗari, su za a fara kulawa da su.

Jama'a, tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Ina roƙon duk mai ɗa ko ƙani a ƙasar waje, idan ya kira ya ce yana nan tafe, kafin a tambaye shi tsaraba a tambaye shi ko ya ga likita, a kuma ɗaura wa 'ya'yansa gidan sauro kafin su iso. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.