Yadda garuruwan Amurka ke neman kuɗin hanya wurin gwamnatin tarayya



Yau maganarmu bisa hanya ce da jirgin ƙasa, da yadda garuruwan Amurka ke zuwa Washinton neman kuɗin gina su. Ku saurara, kuma ku karanta ma waɗanda ba su zo ba.

A 1956 majalisarsu ta yi doka: in za a gina babbar hanyar da ke haɗa jihohi, gwamnatin tarayya ta biya kashi 90 cikin 100, jiha ta biya 10. Kuɗin kuwa harajin man mota ne da ake tarawa asusu guda. Kowa ya miƙa hannu, don wa ke ƙin araha? Amma talaka ya biya da gidansa. A Mayami an ratsa hanya ta tsakiyar Overtown, unguwar baƙar fata, aka tashi dubban mutane.

A 1962 aka ƙara sharaɗi. Duk birnin da jama'arsa ta wuce 50,000, ba ya samun kuɗin sai ya zauna da garuruwan kewaye da jiha, sun tsara aikin tare. Nan ne gindin maganar, 'yan'uwa. Magajin gari ba ya ɗaukar jaka ya tafi shi kaɗai. Sai maƙwabta sun yarda an sa aikinsa cikin tsarin yanki, sai an binciki abin da aikin zai yi ma ƙasa da ruwa da mutane, sai kuma ya nuna inda nasa kason zai fito. Wanda ba ya da nasa a hannu, takardarsa tana kwana a ofis.

Ga misali. Tsakanin Niyok da jihar Niyu Jasi akwai ramin jirgin ƙasa ƙarƙashin kogin Hudson, tun 1910 ake bin sa. A 2009 aka fara aikin wani sabo, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin dala miliyan dubu 3. Dalar Amurka muke faɗi, ba tamu ta tamma biyar ba! A 2010 gwamnan Niyu Jasi, Kiris Kiristi, ya tsai da aikin, ya ce in kuɗi ya haura ƙiyasi, jiharsa za a bari da kaya. Mu a ganinmu tsoron nasa da tushe. Amma dubi abin da ya biyo. Jihar ta mai da dala miliyan 95. A 2012 guguwar Sandi ta cika tsohon ramin da ruwan gishiri, wanda ya shiga cin siminti da wayoyi.

Sai jihohin biyu suka koma tabarma ɗaya, suka kafa hukuma guda a 2019. A 2024 aka sa hannu bisa dala miliyan 6,880 daga Washinton. Aikin da aka watsar an ƙiyasta shi miliyan 8,700, na biyu kuwa ya kai wajen miliyan dubu 16. Shekara 14 ke nan sun tafi.

Kuma kada mu ɗauka sa hannu shi ne ƙarshe. A watan Oktoba na 2025 gwamnatin Turam ta dakatar da biyan kuɗin, alhali ma'aikata na cikin haƙa a gaɓa biyu na kogin.