Harshen Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Masu Mallakarsa



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi nazarin harshen da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ji. Ita dai ƙwaƙwalwar nan wani ɗan falle ne wanda aka cusa wa ƙananan makunnai masu ɗimbin yawa, waɗanda ake kira tiransista, kuma ita ke yin dukan lissafin na'ura. Abin da take fahimta wasu ƙididdigaggun umarni ne, kamar tara, ɗebe, ɗauko, ajiye. Waɗannan umarni, tare da ƙa'idar jera su, su ne harshenta. Kamar yadda Bahaushe ba ya jin Babarbare sai da tafinta, haka manhajar da aka shirya wa wata ƙwaƙwalwa ba ta aiki a kan wata, sai an juya ta.

Mazhabobi Biyu

Masana sun rabu gida biyu dangane da yadda ya kamata harshen ya kasance. Kashi na farko suna ganin a yawaita umarni, har ma guda ɗaya ya riƙa ɗauke da ayyuka da yawa. Bisa wannan ra'ayi ne kamfanin Intel na Amurka ya fito da ƙwaƙwalwar 8086 cikin 1978. Da kamfanin IBM ya sa ƙanwarta 8088 cikin kwamfutarsa ta 1981, sai harshen wannan zuriya, watau x86, ya mamaye ofisoshin duniya.

Kashi na biyu kuwa, irin su David Patterson na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sun lura cewa manhajoji ba su cika amfani da dogayen umarni ba. Saboda haka suka ce a taƙaita harshen, a bar gajerun umarni masu saurin cikawa. Wannan mazhaba ita ake kira RISC.

Misalin ARM

A birnin Kambirij na Ingila, wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn ya bi mazhaba ta biyu. Sophie Wilson ta tsara umarnin, Steve Furber kuma ya tsara ginin ƙwaƙwalwar. Cikin Afrilu 1985 aka gwada ta farko, mai tiransista wajen 25,000, alhali 80386 ta Intel, wadda ta fito a wannan shekara, tana da 275,000. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ƙarancin wutar da take sha. Wannan siffa ce ta sa ARM ta zama ƙwaƙwalwar kusan kowace wayar hannu, domin a can batir shi ne sarki. Lalle ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Daga baya ta shiga fagen uwar garke, watau babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima dare da rana, inda kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki kan cinye kasafi. Cikin 2018 Amazon ya soma amfani da tasa, Graviton. Cikin 2020 kuma Apple ya bar Intel ya koma ARM, har ya tanadi manhajar tafinta, Rosetta 2, don kada tsofaffin manhajoji su mutu.

Batun Mallaka

To, a nan gizo ke saƙar. Harshen ɗan Adam ba shi da mai shi, amma waɗannan suna da masu su. Intel da AMD ke riƙe da x86. Shi kuwa kamfanin Arm, izini yake sayarwa ga mai son ƙera ƙwaƙwalwa da harshensa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masanan Berkeley suka soma RISC-V cikin 2010, harshen da kowa ke da damar ƙira da shi ba tare da biyan kuɗin izini ba.

Sai dai harshe ba ya rayuwa sai da masu magana da shi. A nan ne ƙungiyoyin 'yan sa kai suka taka rawa. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya soma Linux cikin 1991 a kan 80386, sa'an nan masu sha'awa suka yi ta juya shi zuwa sauran harsuna. Ƙungiyar Debian, alal misali, ta shigar da RISC-V cikin harsunan da take tallafa wa a hukumance cikin 2025.

Kammalawa

Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen uwar garke, wajibi ne ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: wane harshe take ji, nawa take shan wuta, kuma manhajojin ofis za su iya ƙaura idan an sake na'ura? Wanda bai tambaya ba, ya ɗaure ma'aikatarsa ga ɗan kasuwa ɗaya na shekaru. Ɗalibi kuwa, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fito cikin 2012 da ƙwaƙwalwar ARM, ta ishe shi ya kafa uwar garke a ɗakinsa, ya koyi aikin da hannunsa, domin kayan aro ba ya rufe katara.