Asaf, Mai Tsaron Kurmin Sarki

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya, sura 2, daga aya 1 zuwa 8. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, sai ka buɗe wurin.

Yawancinmu mun san labarin. Nehemiya Bayahude ne, mai shayar da Sarki Artashate na Farisa. Labari ya iso masa cewa garun Urushalima yana rushe, ƙofofinta kuma wuta ta cinye su. A shekara ta 20 ta mulkin sarkin, wato wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya roƙi izini ya tafi ya sāke gina birnin kakanninsa. Ya kuma roƙi wasiƙu. Ɗaya daga cikinsu zuwa ga wani mutum ne mai suna Asaf, mai tsaron kurmin sarki, domin ya ba da katakon da za a yi ƙofofi da shi, da na garu, da na gidan da Nehemiya zai zauna.

A aya ta 8 kaɗai aka ambaci wannan Asaf. Ba a faɗi garinsu ba, ba a faɗi shekarunsa ba. Mukan yi wa'azi a kan addu'ar Nehemiya da ƙarfin halinsa, mu yi murna cewa an gama garun cikin kwana 52. Amma ka taɓa tambayar kanka inda aka sami itacen? Itacen da ya isa a yi ƙofar birni da shi ba ya girma a shekara ɗaya ko biyu. Tun kafin Nehemiya ya yi kuka, akwai wanda yake zagaya kurmin nan safe da yamma, yana hana gatari, yana hana wuta. Da babu shi, da wasiƙar sarki ta tarar da fili.

Ni kaina na yi shekaru ina tsallake wannan aya. Abin da ya tsayar da ni a kanta tafiya ce da muka yi da matasan ikkilisiyarmu zuwa Yankari, a Jihar Bauchi, wata shekara cikin watan Fabrairu. Gaskiya, da farko ban so tafiyar ba. Na ce musu ga aiki ya yi yawa, ga kuɗin mota, me za mu je nema a daji, mu da muka taso a daji? Wani dattijon ikkilisiya ya ce mini, "Fasto, mu ne muka taso a daji. Yaran nan ba su taɓa ganin daji ba, sai gona." Na yi shiru, don ya faɗi gaskiya.

Muka kama hanyar Gombe daga Bauchi, muka ratse a Dindima, muka isa ƙofar shiga a Mainamaji. A nan aka rubuta mu, muka biya kuɗin shiga. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai tafiyar kimanin kilomita 40, kuma duk cikin itatuwa ne. Girman Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi.

Tun a cikin mota na fara nuna wa yaran itatuwa. Ga doka, ga kawo, ga taura, ga marke, ga maje. Kusa da ruwa kuma ga maɗaci, da ɗinya, da tsamiya, da giginya. Sai na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: a cikin matasa fiye da ashirin, ba wanda ya iya gane kawo. Wata yarinya ta ce ta san ɗinya a tire, amma ba ta taɓa ganin uwarta ba. Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai ciki ba.

Da muka sauka, sai ga gwaggon biri suna yawo tsakanin ɗakuna kamar masu gida, ga gadu yana kiwo a gindin bishiya ko kallonmu bai yi ba. Ma'aikata suka gargaɗe mu mu rufe ƙofa da taga, kada kuma mu ba birai abinci. Ɗaya daga cikin samarinmu bai ji ba. Ya ajiye burodinsa a kan dakali, kafin ya juya an yi sama da shi.

Sai muka gangara zuwa ruwan Wikki. Ruwa ne mai ɗumi da yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, har kana ganin farin yashi a ƙasansa. Ɗuminsa yana tsaye a wajen digiri 31, dare da rana, rani da damina. Itatuwa sun yi masa rumfa. Yara suka faɗa ciki suna sowa. Ni na zauna a bakin ruwan na tsoma ƙafafuna, na tarar ashe na gaji ƙwarai ban sani ba. Na tuna yadda Markus ya ba da labari a sura 6, cewa da almajirai suka dawo daga aiki, jama'a suna ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci, Ubangiji da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa don su ɗan huta. 'Yan'uwana, hutu ba lalaci ba ne. Wanda ya yi jikin nan ya san iyakarsa.

Da yamma aka ɗauke mu a mota zuwa bakin Kogin Gaji, tare da ɗan jagora. Ba a yarda baƙo ya shiga dajin shi kaɗai. Da rani dabbobi sukan taru kusa da kogin saboda ruwa ya janye a sauran wurare, shi ya sa lokacin ya fi kyau ga mai son kallo. Muka ga gwambaza, da mazo, da garken ɓauna daga nesa. Giwa kuwa, sawunta kawai muka gani, da kashinta, da rassan da ta karya. Yaran suka ɗan yi fushi. Jagoran ya bayyana mana cewa wannan ba gidan zu ba ne, dabbobin ba a ɗaure suke ba, kuma giwayen sun ragu. Ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2006 ta sami giwaye wajen 350. A shekarun da suka biyo baya masu neman haure suka yi musu ɓarna mai yawa. A 2014 Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS mai kare namun daji, aka ƙarfafa sintiri, kisan giwaye ya ragu ƙwarai.

Washegari da sassafe, ina zaune ina karatu, sai na ga masu gadin daji suna shirin fita sintiri. Kowa da jakarsa a baya, da gorar ruwa, da bindiga. Sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙasa, suna kwana a daji, suna kwance tarkon waya da mafarauta suka ɗana, suna hana masu saran itace da masu shigar da shanu. Wasu daga cikin ma'aikatan Yankari sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. A ɗakin adana kayan tarihi da ke masaukin an nuna mana tarkuna da bindigogin da aka ƙwace. A dazuzzuka irin wannan, har wuta ma da dabara ake yinta: akan ƙona wasu sassa da wuri, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, domin kada gobarar tsakiyar rani ta zo ta cinye manyan itatuwa.

Ina kallon mutanen nan suna shiga daji, sai na ce a zuciyata, ga Asaf. Jiya na sha inuwa, na yi wanka, na yi barci mai daɗi, ban ko tambayi sunan ɗayansu ba.

Bari in gaya muku wani abu game da kalmar da aka fassara mana da kurmi a wannan aya. A Ibrananci ana ce da ita fardes. Aro ce daga harshen Farisa, ma'anarta lambu ko daji da aka kewaye aka sa masa mai tsaro. Helenawa suka are ta, da ita kuma aka kira gonar Aidan sa'ad da aka fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci. Daga wannan tushe ne kalmar Firdausi ta fito, wadda muke ji a Luka 23, a maganar Ubangiji da ɓarawon da ya tuba. Ashe wurin hutu mafi kyau da harshen ɗan adam ya iya ambata, sunan daji mai tsaro aka ba shi. A Farawa 2:15 kuma, aiki biyu aka ba mutum a gonar: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe na farko da hannu biyu. Na biyun fa?

A nan dole in yi tuba a gabanku. A bayan ƙauyenmu akwai wani kurmi sa'ad da nake yaro. Ko da tsakar rana akwai duhu a cikinsa, akwai kuma idon ruwa da ba ya ƙafewa. Ba mai sare ko reshe, domin kakanninmu suna tsafi a wurin, kowa yana tsoro. Da Bishara ta kafu a garin, tsoron ya fita daga zukatanmu, kuma muna gode wa Allah saboda wannan 'yanci. Amma da tsoro ya tafi, ba mu sa kome a madadinsa ba. Muka sari itacen jinka, muka sari na ƙona tubali, daga baya masu gawayi suka gama da sauran. Ina saurayi, ni ma na ɗauki gatari, ina ganin kamar nasara ce nake yi a kan duhu. Yau wurin fili ne. Idon ruwan ya ƙafe, matan garin suna tafiya mai nisa neman ruwa. Iyayenmu da suke tsoron iskoki sun tsare kurmin, mu da muka san Mahalicci muka gama da shi. Ba Bishara ce ta sare shi ba, mu ne ba mu karanta ta har ƙarshe ba. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 20, ta hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin da suka kewaye birnin abokan gāba da yaƙi. In an hana a lokacin yaƙi, ina ga lokacin salama?

Ban manta da wahalar talaka ba. Na san mai gawayi ba don mugunta yake sara ba, kuɗin makarantar yara yake nema. Na san manoman da ke kewaye da Yankari suna kuka sa'ad da giwaye suka shiga gona suka gama da amfanin shekara a dare ɗaya. Kukansu gaskiya ne, ya kamata hukuma ta ji. Ku lura kuma, Asaf bai hana Nehemiya katako ba. Ya ba shi. Tsaron daji ba rowa ba ne. Ana tsarewa ne domin ranar da za a buƙata a samu, kuma na baya ma su samu.

To, me za mu yi? Na farko, ku je ku gani. Gani ya kori ji. Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa, malaman Makarantar Lahadi, ku tara kuɗi kaɗan kaɗan, ku kai yara. In Yankari ya yi nisa, akwai gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, akwai kuma gandun daji na gwamnati kusa da garuruwa da yawa. Ku fara bincika halin hanya da na tsaro kafin ku tashi, ku yi tafiyar da rana.

Na biyu, in kun je, ku zama baƙi masu ladabi. Ku biya kuɗin shiga da gaskiya, kada ku rage yawan mutanen da ke cikin mota. Ku bi maganar jagora. Kada ku bar leda ko gorar roba a ƙasa, kada ku sassaƙa suna a jikin itace, kada ku hura wuta inda ba a ce ba. Ku rage sautin waƙa da na waya, ku bar yara su ji kukan tsuntsaye. Ku gai da masu gadi, ku yi musu na gode. In an kawo muku naman daji a hanya, ku tuna da tarkon waya.

Na uku, in kun koma gida, ku zama Asaf a inda kuke. Bayan mun dawo, matasanmu sun dasa maɗaci da ɗorawa a filin majami'a, kowane yaro da itacensa, shi ne mai ba shi ruwa, shi ne mai kare shi daga awaki. Wasu sun mutu, muka sāke dasawa. Shekaruna sun wuce hamsin, na san da wuya in zauna a cikakkiyar inuwarsu. Ba kome. Ni ma inuwar da na sha, ba ni na dasa ba.

Mai sauraro, wataƙila aikin da Allah ya ba ka irin na Asaf ne. Ba wanda yake yabonka, sunanka ba ya cikin rahoton shekara. Ka ci gaba da tsaro. Allah ya san dalilin da ya sa ya rubuta sunan mai gadin daji a cikin Littafinsa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka saboda itatuwa da ruwa da dabbobin jeji, da hutun da kake ba masu gajiya. Ka gafarta mana inda muka ɓata abin da ka ba mu amana. Ka kiyaye masu tsaron dazuzzukanmu, ka ta'azantar da iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki. Ka tuna da manoma da duk masu neman abinci a bakin daji. Ka koya mana mu noma, mu kuma kiyaye. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sāke saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku.