Wanda Ya Ajiye Kasuwa Ya Ɗauki Allura: Jawabi Kan Dattawanmu da Sanin Launi

 

Maganar da na zo da ita ta shafi dattawan da suka miƙa wa 'ya'yansu rumfa, da waɗanda suka yi ritaya daga aikin gwamnati. Ku duba bencinan ƙofar gida da hantsi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fita tun asuba, yau ba shi da wurin zuwa, wata shida kawai sai ka ga ya rame, ya zama mai faɗa. Alhali da yawansu kafin su zo Kurmi suna da sana'ar hannu. Wani ɗinkin hula ya koya, wani aska takwas yake zubawa a babbar riga, wani zayyanar allo, wani kuwa ɗan marina ne gaba da baya. Neman abinci ya raba su da ita, 'ya'yanmu da aka haifa nan ba su ma san iyayensu sun iya ba.

In ka ce wa dattijo ya koma, sai ya ce hannu ya yi nauyi. Gaskiya ne. To amma akwai ƙofar da ba ta bukatar saurin hannu, ita ce sanin yadda launi ke zama da ɗan'uwansa.

Bari in ba ku labarin wani Bafaranshe, Chevreul. A 1824 aka naɗa shi shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Masaƙa suka yi ta kai ƙara cewa baƙin zaren da ake rina masu ba ya kama rini sosai. Ya gwada, ya tarar rinin lafiya lau. Ashe in an saƙa baƙin kusa da shuɗi ko shunayya, ido ne ke ganinsa ya koɗe. Laifin maƙwabci ne, ba na marini ba. Ya rubuta littafi a kan haka a 1839. Mutumin nan, don ku sani, sai da ya shekara 102 a duniya.

Mu 'yan kasuwar yadi mun san wannan ba tare da littafi ba, sai dai ba mu taɓa zama mun ba shi suna ba. Ɗauki zare ruwan toka ka raba biyu, ka ɗora rabi kan jan ƙyalle, rabi kan kore. Na kan ja zai yi maka kamar an ɗiga masa kore, na kan koren kuma ya ɗan yi ja-ja. Ka ɗora shi kan fari ya yi duhu, kan baƙi ya yi haske. Zare ɗaya fa! Dalili shi ne ido in ya ƙoshi da launi, sai ya shafa wa na kusa da shi kishiyar wannan launin. Kishiyar ja kore ne, kishiyar shuɗi ruwan goro, kishiyar rawaya shunayya. In kishiyoyi biyu suka zauna gefe da gefe kowanne sai ya ƙara ƙarfi, shi ya sa ɗan ruwan goro kaɗan ke tashin hula mai shuɗi. In kuwa ka zuba su daidai wa daida, sai su yi ta kokawa har mai kallo ya kau da kai. A nawa ganin, hulunan inji da suka cika kasuwa a nan suke faɗuwa: kowane launi so yake a ji muryarsa, babu mai haƙuri.

Wani zai ce tsufa ya riga ya zo. To ku ji wannan. Alma Thomas, baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta 1891. Shekara 35 tana koyar da yara zane a makaranta ɗaya a birnin Washinton. Sai da ta yi ritaya a 1960, ta doshi shekara 70, sannan ta zauna wa aikinta sosai, ga ciwon gaɓoɓi yana damunta. Zanen da ya fito da ita babu siffar mutum babu ta dabba, ɗigo-ɗigon launi ne jere a layi ko a da'ira, kamar yadda take ganin rana na ratsa ganyen itacen da ke bakin tagarta. A 1972, tana da shekara 80, gidan zane na Whitney ya ware mata baje koli ita kaɗai, ita ce mace baƙar fata ta farko da aka yi wa haka a wurin. Ta rasu 1978, a 2015 kuma aka rataye zanenta a fadar shugaban Amurka. Mai zayyanar allo in ya ga aikin nan ba zai ji baƙunta ba.

Kayan farawa ba sa cin kuɗi. Wani malamin zane, Josef Albers, wanda ya fitar da littafinsa kan launi a 1963, da guntayen takardu masu launi yake koyar da ɗalibansa. Mu muna da abin da ya fi takarda, wato ƙyallayen da teloli ke sharewa kullum su zubar.

Abu ɗaya zan ja hankalin iyayenmu a kai. Ido in ya manyanta yakan yi ɗan rawaya daga ciki, sai shuɗi da kore da shunayya su riƙa rikicewa, kuma yana bukatar haske fiye da na yaro. Don haka a zaɓi zare da hantsi, a inuwa mai haske, kada a zaɓa a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ai kun ga yadda mai saye ke jan yadi zuwa bakin rumfa kafin ya biya. Wanda kuma yake ganin hazo-hazo, ya je a duba masa ko yanar ido ce, don ana cire ta.

Roƙona ga shugabanni, a ba mu zauren ƙungiya ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa azahar. Teloli su tara mana ƙyallaye, masu sayar da zare su ba da ragowar da ta kwanta masu. Kowane dattijo ya zo da yaro ɗaya wanda zai riƙa zura masa zare a allura, yana kallo yana koyo. Ni na ɗauki nauyin allurai da almakashi na wata uku na farko. Mai bukata ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.